Yadda Za Ka Tantance Gaskiya Cikin Abin da Ake Faɗa Game da 'Yan Katolika a Legas

Bahaushen da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko wanda ke kasuwanci a Mile 12 da Alaba Rago, da wuya ya wuni bai yi hulɗa da ɗan Katolika ba, ko da kuwa bai sani ba. Wataƙila mai gidan da yake haya ne, ko abokin cinikinsa mutumin Anambara, ko malamar da ke koyar da 'ya'yansa. Duk daren daɗewa za a miƙo masa katin ɗaurin aure ko a sanar da shi rasuwa, a ce ana bukatarsa a coci. Abin da akasarinmu muka sani game da wannan ɗarika kuwa a majalisa muka tsince shi, ko a teburin mai shayi, ko a Facebook, kuma da yawa daga ciki maganganu ne da su kansu 'yan Katolikan ba su taɓa faɗa ba. Tsakanin Musulmi da ɗan Katolika akwai saɓani na haƙiƙa mai girma, haka ma tsakanin ɗan Katolika da ɗan ECWA ko Baftis, saboda haka babu dalilin ƙara masa saɓanin da aka ƙirƙira. Manufar wannan bayani ita ce a rarrabe waɗannan biyu, ba a sauya wa kowa aƙidarsa ba.

Fara da sanin wanda kake magana a kansa

Legas cike take da coci-coci, kuma ba kowane Kirista ne ɗan Katolika ba. Masu fararen riguna da ka kan gani ba takalmi a bakin teku ko a kan titi, yawanci 'yan Cherubim and Seraphim ne, wadda aka kafa a nan Legas a 1925, ko 'yan Celestial, wadda ta samo asali daga Porto-Novo a 1947. Taron da ke cushe hanyar Legas zuwa Ibadan na cocin Pentikostal ne. Babu ɗayansu da ke ƙarƙashin Fafaroma. Limamin Katolika ana kiransa Fada, ba Fasto ba, kuma ba shi da ikon kafa cocinsa na ƙashin kansa; bishop ne yake tura shi inda zai yi aiki, ya kuma ɗauke shi idan ya ga dama.

Wasu na ɗauka cewa Katolika addinin Inyamurai ne kurum, saboda yawansu a cikinta. Tarihin Legas ya nuna ba haka ba ne. Tushen Katolika a wannan gari shi ne Aguda, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 suka zauna a Tsibirin Legas, waɗanda limaman mishan suka tarar a shekarun 1860 suna riƙe da addu'o'insu. Daga cikin maginan Aguda ɗin nan ne aka sami wanda ya tsara Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Babbar majami'arsu ta Holy Cross tana nan a tsibirin, ita ce kujerar Babban Bishop Alfred Adewale Martins, wanda ya gaji Kadinal Anthony Olubunmi Okogie a 2012. A Arewa ma akwai 'yan Katolika masu sujada da Hausa, daga Kudancin Kaduna har Maguzawan Kano da Katsina da suka shiga Kiristanci, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah yana Sakkwato tun 2011.

Raba magana gida uku

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane amfani. Duk abin da ka ji an jingina wa Katolika, ka tambaya ko aƙida ce, ko dokar coci ce, ko kuwa al'adar mutane ce. Aƙida a wurinsu ba ta canzawa. Dokar coci tana iya canzawa, kuma ta sha canzawa. Misali, har zuwa shekarun 1960 da harshen Latin ake yin Mas, wato babbar ibadarsu ta coci, a kusan ko'ina, sai Majalisar Vatican ta Biyu, wato taron bishop-bishop na cocin duka, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofar yin ta da harsunan jama'a, shi ya sa yau ake jin ta da Yarabanci da Ibo da Hausa. Al'ada kuwa ita ce irin ashoben da mata ke ɗinkawa, da rawar kai baiko gaba, da bikin godiyar girbi da gwanjon da ake yi a ƙarshen shekara. Wanda ya cakuɗa waɗannan uku zai yi ta musu a kan abin da ko Fada ba zai kare ba. Suna da littafin koyarwa na hukuma, Katikizim, wanda aka fitar a 1992, da kundin dokokin coci na 1983, kuma dukansu suna kan intanet kyauta, don haka idan magana ta yi zafi akwai inda za a duba.

Maryamu, tsarkaka da mutum-mutumi

A nan ne aka fi samun ruɗani, kuma dalilin a bayyane yake: ido ne ya gani. Ka shiga harabar cocin St. Dominic da ke Yaba, ko wata irinta, za ka iske wani ɗan kogo da aka gina da duwatsu, da siffar mace sanye da fari da shuɗi a ciki, ga kyandura na ci, ga tsohuwa a durƙushe tana jan carbi. Wanda ya taso a gidan da ko hoton mai rai ba a ratayewa a ɗaki, ba abin mamaki ba ne ya ce ai wannan bautar gunki ce.

Abin da cocin ke koyarwa shi ne bauta ta Allah ce shi kaɗai, kuma duk wanda ya bauta wa Maryamu ko wani tsarkakakke ya yi babban zunubi. Maryamu a wurinsu halitta ce, ba ta cikin Allahntaka. Abin da ake ba ta girmamawa ce, wadda ta fi ta sauran tsarkaka, amma ba ta kai bauta ba. Game da siffofi kuwa, an yi rikici mai tsanani a kansu tsakanin Kiristoci da kansu a daular Rumawa ta Gabas, har aka farfasa da yawa, kafin Majalisar Nikiya ta Biyu ta yanke hukunci a shekarar 787 cewa girmamawar da aka yi wa siffa tana komawa ne ga wanda siffar ke wakilta, ba ga itacen ko dutsen ba. Idan siffar ta fashe, sai a sayo wata a shagon kayan coci.

Ka saurari kalmomin addu'ar da tsohuwar nan ke maimaitawa, wadda masu jin Hausa ke farawa da "A gaishe ki Maryamu". Rabin farko gaisuwar mala'ika ce da ta Alisabatu kamar yadda suka zo a Linjilar Luka, rabi na biyu kuma roƙo ne cewa ta yi musu addu'a. Su a ganinsu wannan daidai yake da yadda muke ce wa maniyyaci mai shirin tafiya Makka ya sa mu a addu'a, sai dai su sun yarda cewa wanda ya riga mu gidan gaskiya yana Aljanna ma ana iya roƙonsa hakan. To, a nan ne ainihin saɓanin yake, kuma a nan ya kamata mai musu ya tsaya: shin ya halatta a nemi addu'ar wanda ya rasu, kuma ya halatta a sassaƙa siffa don tunawa da shi? 'Yan Furotesta, irin su ECWA da Baftis, sun ce a'a, Musulmi sun haramta siffofin gaba ɗaya, batun tawassuli kuwa malamanmu sun daɗe suna muhawara a kansa. Amma ka ce wa ɗan Katolika yana bauta wa Maryamu, tamkar ka rufe ƙofar magana ne, domin ya san bai ce haka ba. A ganina akwai jahilai a cikinsu da ke wuce gona da iri, suna ɗaukar carbi ko lambar wuya kamar laya, kuma limamansu na yin wa'azi a kan haka. Sai dai ba a auna addini da aikin wanda bai san shi ba.

Carbin nasu yana da 'ya'ya 59, an kasa shi gida biyar mai goma-goma da 'yan ƙari, kuma a kowane goma ana tuna wani abu daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa. Sun yarda, kamar yadda Musulmi suka yarda, cewa Maryamu ta haifi ɗanta ba tare da namiji ya taɓa ta ba.

Inda saɓanin yake na gaske

Ɗan Katolika ba zai yarda ka ce yana bauta wa alloli uku ba, domin shahadar da yake karantawa kowace Lahadi, wadda ta samo asali daga majalisun shekarar 325 da 381, da imani da Allah ɗaya take farawa. Ukun da suke nufi su ne Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, ba Uba da uwa da ɗa ba, kuma ba sa nufin haihuwa irin ta jiki. Duk da haka, sun yi imani cewa Yesu Allah ne kuma mutum ne, cewa an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Musulunci ya ƙi wannan ƙarara. Babu wata dabarar magana da za ta haɗa aƙidun nan biyu, kuma mai gaya maka cewa duk abu ɗaya ne bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. A wannan fanni Katolika da Angilika da ECWA da Baftis bakinsu ɗaya.

Fafaroma

Ba annabi ba ne a wurinsu, ba a yi masa wahayi, kuma ba ma'asumi ba ne. Shi ne Bishop na birnin Rum, wanda suke ɗauka magajin manzo Bitrus, kuma kadinal-kadinal da ba su kai shekara 80 ba ne ke zaɓensa da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Yana iya murabus, kamar yadda Benedict na 16 ya yi a 2013. Yana furta zunubansa ga wani limami kamar kowa. An ga Fafaroma Francis ya durƙusa yana yin haka a bainar jama'a a 2014. Na yanzu, Leo na 14, haifaffen Chicago ta Amurka, an zaɓe shi a watan Mayun 2025.

Maganar cewa ba ya kuskure tana da iyaka ƙwarai. An ayyana ta a 1870, kuma ta shafi lokacin da ya yanke hukunci na ƙarshe ne, a matsayinsa na shugaban cocin duka, kan aƙida ko ɗabi'a. Tun daga lokacin, misalin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne: a 1950, da Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jikinta da ruhinta. Abin da Fafaroma ya faɗa wa 'yan jarida a cikin jirgi, ko ra'ayinsa kan siyasa, ba ya cikin wannan, kuma 'yan Katolika na sukarsa a fili. Saboda haka idan aka turo maka saƙo a WhatsApp cewa Fafaroma ya halatta kaza ko ya soke kaza, ka nemi takardar da ya sa wa hannu kafin ka tura wa wani.

Littafinsu, furcin zunubi da batun kuɗi

Masu cewa 'yan Katolika ba sa karanta Littafi Mai Tsarki, galibi Kiristoci ne 'yan uwansu. A kowace Mas ta Lahadi ana karanta wurare uku da zabura, bisa tsarin da ke zagayowa duk shekara uku. Gaskiya ne nasu yana da littattafai 73, na Furotesta kuma 66. Bambancin guda bakwai ne a Tsohon Alkawari, waɗanda ke cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita. Jagororin Furotesta na ƙarni na 16 suka ware su, Majalisar Trent kuma ta tabbatar da su a 1546. Sabon Alkawari kuwa 27 ne a wurin kowa.

Furcin zunubi ga Fada ba a biyan ko kwabo a kansa. Sun ce Allah ne mai gafartawa, limami wakili ne, kuma furcin ba ya aiki sai da nadama da niyyar dainawa. Wanda ya ci dukiyar wani sai ya mayar. Limamin da ya tona abin da ya ji a wurin, dokar coci ta fitar da shi daga tarayya nan take, ko da hukuma ce ta tilasta masa. Labarin cewa an taɓa sayar da takardun sassauci, wato na rage wa mutum hukuncin zunubinsa, ba ƙage ba ne: ya faru a Turai, yana cikin abin da ya tunzura Martin Luther, jagoran Furotesta, a 1517, kuma Fafaroma Pius na 5 ya haramta haɗa su da kuɗi a 1567. Yau ana ba da ɗan abin hannu idan ana so a yi Mas don mamaci ko mara lafiya, amma doka ta hana a hana talaka wata ibada saboda talaucinsa. Ko ana kiyaye wannan a ko'ina, wannan wata magana ce. Su kansu 'yan cocin sukan koka da yadda a wasu wurare ake bin iyalan mamaci bashin kuɗin ƙungiya kafin jana'iza.

Azumi da aure

Wata Laraba a watan Fabrairu ko Maris za ka ga mutane a danfo da BRT da baƙin tabo a goshi. Toka ce ta ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a bikin bara, alamar tuba da tuna mutuwa, kuma da ita ake buɗe kwana 40 na azumin da ke kaiwa ga Ista. Azuminsu ba irin na Ramadan ba ne: ana shan ruwa, kuma wajibin ya tsaya a kwana biyu, wato Larabar Toka da Juma'ar ƙarshe kafin Ista, inda wanda ya kai shekara 18 bai shiga 60 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya da 'yan ƙanana biyu. Nama kuwa ana barinsa a waɗannan ranaku da Juma'o'in azumin. Mai sayar da nama ko tsire da ya san wannan ba zai yi mamakin raguwar ciniki ba.

Rashin auren limamai doka ce, ba aƙida ba. A cocin Katolika na Gabas, irin su Maroniyawan Labanan, waɗanda ke da bishop a Ibadan, ana naɗa mai aure limami, kuma duk suna ƙarƙashin Fafaroma ɗaya. Mace ɗaya ake aura, kuma auren da aka ɗaura tsakanin masu baftisma biyu aka kuma tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Abin da kotun coci ke yi, wanda wasu ke ɗauka saki ne, bincike ne ko auren ya ɗauru tun farko, misali idan an yi wa ɗaya tilas. Ɗan Katolika na iya auren Musulma, ko 'yar Katolika ta auri Musulmi, da izinin bishop, ba tare da an tilasta wa ɗayan barin addininsa ba. Sai dai ɓangaren Katolika yana alkawarin yin iya ƙoƙarinsa ya tarbiyyantar da 'ya'ya a cikin cocin, kuma dole a sanar da ɗayan. Duk mai tunanin irin wannan aure ya san da wannan sharaɗi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ya kuma san hukuncin nasa addinin.

Game da Musulmi, matsayin cocin a rubuce yake tun 1965, a takardar Nostra Aetate, wadda ta ce cocin na kallon Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Ɗan Najeriya, Kadinal Francis Arinze, shi ya shugabanci ofishin Vatican na tattaunawa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002, kuma a 2019 Fafaroma Francis da Shaihul Azhar Ahmad al-Tayyib sun sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Idan an gayyace ka

Ko ya halatta Musulmi ya shiga coci don biki ko jana'iza, wannan tambaya ce ta malaminka. Idan ka yanke shawarar zuwa, ka sa tufafin mutunci, maza kan cire hula a ciki, mata kuma kan rufe kai, don haka mai mayafi ba za ta zama bare ba. A bakin ƙofa akwai ɗan kwano na ruwa da suke tsoma yatsa su yi alamar gicciye. Ka wuce abinka. Za ka ga suna durƙusawa da gwiwa ɗaya suna fuskantar wani ƙaramin akwati da jar fitila ke ci a gefensa, inda ake ajiye gurasar da aka tsarkake, wadda suka yi imani ta zama jikin Almasihu. Ba a bukatar ka yi haka. Ka tashi idan an tashi, ka zauna idan an zauna, idan sun durƙusa kai ka ci gaba da zama, ba wanda zai ga laifinka. Lokacin da aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa coci ya yi tsit, shi ne mafi girma a wurinsu, don haka wayarka ta kasance a kashe.

Idan suka yi layi zuwa gaba don karɓar gurasar, kada ka bi. Ba wulaƙanci ba ne. Ko Kiristan da ba ɗan Katolika ba ba ya karɓa, haka ma ɗan Katolikan da ya san yana da babban zunubin da bai furta ba. Layin baiko daban ne, kuma ganin dama ne. Idan za ka gaida limami, "Barka da rana, Fada" ta wadatar, mace mai hidimar coci kuma Sista ake ce mata.

A wurin liyafa ne ya kamata ka buɗe ido, domin cocin bai haramta naman alade ba, bai kuma haramta giya ba, maye ne ya haramta. Masu biki a Legas sun saba da baƙi Musulmi, sau da yawa ma Bahaushe ne ya yanka musu saniyar, amma kada ka dogara da zato. Ka ja mai gayyatar gefe tun kafin ranar ka ce, "Maƙwabci, don Allah wane ne zai yi yankan, kuma akwai teburin da ba a ajiye giya?" Idan lokacin salla zai riske ka a can, ka tambaye shi tun da wuri inda za ka sami ruwan alwala da wurin shimfiɗa darduma.